Kwamfuta Ta Faɗa Musu Tun Kafin Motar Ta Fito

Akwai wani uzuri da ya kamata a ce an binne shi tuntuni, amma mu ne muke ta yi masa fifita kamar mai sauran numfashi. Shi ne wanda ake kawowa duk lokacin da wata ƙirar mota ta tabbata makara ce mai taya huɗu: wai ai su ma masu ƙera ta ba su sani ba, ƙarfe ne, babu wanda ya san yadda zai lanƙwashe sai ranar da abin ya auku. Na ji wannan magana a bakin direba, na ji ta a bakin dillalin mota, na ji ta har a bakin masu digiri. A zamanin kakanninmu tana da ƙamshin gaskiya. A yau ƙarya ce tsagwaronta. Babu wani babban kamfanin mota da bai kalli motarsa tana karo sau dubbai ba tun kafin a buga falankin ƙarfenta na farko, kuma ya ga inda sitiyari zai daki ƙirjin direba, ya ga inda ƙafarsa za ta maƙale. A cikin kwamfuta ya gani.

Bari in fara da yadda abin yake, don kada a ce surkulle na zo da shi. Injiniya yana zana gangar mota a kwamfuta. Manhaja ta yayyanka zanen gutsi-gutsi, kamar idon raga, yadda kowane gutsure zai zama ɗan ƙaramin abu mai sauƙin lissafi. Ana gaya wa kwamfuta halin kowane ɗaya: ƙarfe ne ko alminiyam ko roba, kaurinsa nawa, nauyin da yake ɗauka kafin ya lanƙwashe, da lokacin da zai yage. Sai a ce mata ga bango, ga gudun kilomita 64 a awa, je ki. Karon mota bai kai ƙiftawar ido ba, wajen kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa ne ya ƙare. Kwamfuta tana raba wannan ɗan lokaci gida dubu ɗari ko fiye, a kowane gida ta lissafa yadda kowane gutsure ya ture maƙwabcinsa. Injiniya ya zo da safe ya zauna yana kallon haɗarin a hankali, ya tsayar, ya koma baya, ya cire murfin inji ya leƙa ciki, abin da babu mahalukin da zai iya yi a haɗari na gaske. In ginshiƙin ƙofa ya naɗe, ya ƙara masa kauri ko ya sauya irin ƙarfen, ya sake turawa. Wannan shi ne gwajin kwaikwayo.

Kuma ba jiya aka fara ba. A 1956 wasu injiniyoyi masu nazarin fikafikan jirgin sama a kamfanin Boeing suka wallafa dabarar yayyankawar, ɗaya daga cikinsu, Ray Clough, ya raɗa mata suna a 1960. Hukumar NASA ta Amurka ta sa aka rubuta manhajar NASTRAN a ƙarshen shekarun 1960 don kumbunanta. A 1986 aka yi abin da ya sauya sana'ar mota: wani kamfanin Faransa mai suna ESI ya kwaikwayi karon gaba-da-gaba na motar Volkswagen Polo sukutum, lissafin ya kammala cikin dare ɗaya. Gutsattsarin wannan Polo ƴan dubbai ne kawai. Na motar yau miliyoyi ne. Ku lissafa da kanku shekara nawa ke nan masu ƙira suna da wannan ido.

Sauran masana'antu ma duk sun kama. Jirgin Boeing 777, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 1995, a kwamfuta aka zana shi kaf da manhajar CATIA ta kamfanin Dassault. Da aka zo gwajin fiffikensa na zahiri, doka ta ce sai ya jure kashi 150 cikin 100 na mafi girman nauyin da ake tsammani zai gamu da shi a sama. Aka yi ta jansa da wayoyin ƙarfe, bai karye ba sai a 154. Dubi yadda lissafi ya matso kusa da gaskiya. Masu yin taya suna kwaikwayon yadda zanenta ke korar ruwa a kan kwalta. Masu wayar salula suna yar da ita ƙasa cikin kwamfuta ta kowace kusurwa. Hatta rigar ninƙaya ta Speedo da aka yi ta karya tarihi da ita a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, da lissafin gudanar ruwa aka tsara ta. Ba ni da ja a kan amfanin wannan fasaha. Ta mayar da kuskure abu mai arha: da can kowane gwaji sai an sadaukar da mota guda da aka ƙera da hannu, mai tsadar gaske, yanzu kuwa kuɗin lantarki ne da haƙurin dare ɗaya.

Rigimata tana wani wuri dabam. Wanda aka ba ido, an karɓe masa uzurin makanta.

A watan Nuwamba na 2017, ƙungiyar Global NCAP mai gwada lafiyar motoci, tare da ƙungiyar masu motoci ta Afirka ta Kudu, suka fitar da sakamakon farko na gwajin sababbin motocin da ake sayarwa a Afirka. Mota biyar aka buga da shinge a gudun kilomita 64. Toyota Etios ta samu tauraro 4 cikin 5 wajen kare manya. Renault Sandero da Volkswagen Polo Vivo 3. Datsun Go+ ta samu 1. Chery QQ3 ba ta samu ko ɗaya ba. A 2018 aka kawo a-kori-kurar Nissan NP300, wadda ake tallata da laƙabin Hardbody, wato mai taurin jiki. Sifili ta ci, duk da tana da jakar iska. Ɗakin direba ya murƙushe, sitiyari ya taso ya nufi ƙirjin mutum-mutumin gwajin.

Abin da aka yi a farkon 2020 shi ne ya fi tsaya mini a rai. Aka ɗauko wannan NP300 sabuwa dal, ƙirar 2019, irin wadda ake sayar wa Afirka, aka ɗauko ƴar'uwarta Nissan Navara ta Turai, ta hannu, ƙirar 2015, aka haɗa su gaba da gaba, kowace tana gudun kilomita 56. Kamfani ɗaya, tambari ɗaya a goshi. Ma'aunan da ke jikin mutum-mutumin suka nuna cewa direban tsohuwar ta Turai mai yiwuwa ya buɗe ƙofa ya fita da ƙafarsa, direban sabuwar ta Afirka kuwa mai yiwuwa gawarsa za a ciro. To ku faɗa mini, jama'a: kamfanin da ya san yadda ake ƙera Navara, wane ne zai rantse cewa bai san halin ɗaya motar ba? Ofis ɗin da ya lissafa wannan shi ke da lissafin waccan. Tsohuwar ƙira ce da dokokin Turai suka daɗe da wuce ta, aka ci gaba da buga ta don kasuwar da ba ta da doka. Shawara ce aka yanke a kan tebur.

Na san amsar farko da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Za a ce kwamfuta ma tana kuskure, don haka kada in mai da ita boka. Na yarda, har ma zan taya mai wannan magana kawo hujja, domin hujjar tasa tawa ce.

Ranar 23 ga Agusta 1991, a wani mashigin teku kusa da birnin Stavanger na ƙasar Norwe, ana gwada nutsar da gindin kankare na dandamalin haƙo iskar gas mai suna Sleipner A. Katafaren gini ne na ɗakuna masu kama da rumbuna da aka jera, ana cika su da ruwa a hankali. Bangon wani lungu mai kusurwa uku da ke tsakanin rumbunan ya tsage, ruwa ya kwararo fiye da abin da famfuna za su iya kwashewa, cikin ƴan mintoci ginin ya nutse. Da ya daki ƙasan teku, na'urorin auna girgizar ƙasa sun rubuta maki 3. Asarar ta kai wajen dala miliyan 700, Allah ya sa ba a rasa rai ba. Bincike ya nuna cewa an yi lissafin da NASTRAN, manhajar da ba a shakkarta, amma ragar da aka yanka a daidai wannan lungu ba ta da kyau, sai lissafin ya rage ƙarfin da ke neman tsaga bangon da kashi 47 cikin 100. Aka yi bango siriri, rodin da ke ciki bai kai inda ya kamata ba. Kwamfutar ta lissafa abin da aka ba ta daidai wa daida. Abin da aka ba ta ne gurgu. Da aka sake lissafin yadda ya kamata bayan haɗarin, ya nuna tsagewar a zurfin da bai yi nisa da inda ta faru ba.

Gadar masu tafiya a ƙasa ta Millennium a Landan ma haka. An buɗe ta ranar 10 ga Yuni 2000, bayan kwana 2 aka rufe, domin da jama'a suka hau sai ta dinga lilo hagu da dama, su kuma suka dinga daidaita takunsu da lilon don kada su faɗi, abin ya ƙara tsanani. An lissafa nauyin mutane, an lissafa iska, ba a saka wannan ɗabi'a ta mai tafiya a kan abu mai motsi ba. Sai a 2002 aka sake buɗe ta.

Na uku ya fi ciwo, kuma a ƙasarmu ta Afirka rabinsa ya faɗo. Jirgin Boeing 737 MAX yana da wata manhaja mai suna MCAS da ke dunƙufar da hancin jirgi in ta ga ya ɗaga da yawa, kuma da ma'auni ɗaya tak take dogara a lokacin. Masu ƙira sun ɗauka cewa in ta yi aiki ba bisa ƙa'ida ba, matuƙi zai gane ya gyara cikin ƴan daƙiƙu. Sun gwada hakan a na'urar kwaikwayon tuƙi, amma hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano a 2019 cewa ba su kwaikwayi abin da ke faruwa in ma'aunin ne ya lalace ba: sandar tuƙi tana kakkarwa, fitilu suna ƙyalli, ƙararrawa iri-iri suna kuka lokaci guda. Matuƙin gwaji da ya san abin da ke tafe dabam, mutumin da abin ya faɗo wa minti kaɗan bayan tashi dabam. Jirgin Lion Air ya faɗa tekun Java ranar 29 ga Oktoba 2018 da mutum 189. Na Ethiopian Airlines ya faɗi kusa da Bishoftu ranar 10 ga Maris 2019, minti 6 bayan ya bar Adis Ababa, da mutum 157.

Ku duba ukun nan da kyau. Babu inda lissafi ya ci amanar kowa. A Sleipner an yi tambayar da sakaci, a Landan ba a san da tambayar ba, a Boeing an tambayi ɓangaren da ba zai jawo jinkiri da ƙarin horon matuƙa ba. Kwamfuta gardi ce mai biyayya: abin da ka tambaye ta shi take amsawa, wanda ka yi shiru a kai ita ma ta yi shiru. Saboda haka mai cewa kwamfuta tana kuskure bai wanke kamfanin mota ba. Karon gaba-da-gaba ba irin lilon gadar Landan ba ne da ya zo wa masana ba zato. Shi ne tambayar da aka fi kowace maimaitawa a wannan sana'a tun 1986. Abin da ya rage shi ne wa ke zaɓen tambayoyin, kuma ran wa aka saka a cikin lissafin.

Amsa ta biyu ita ce ta kuɗi. Wai mota mai lafiya tsada gare ta, talaka ba zai iya ba, gara mai rauni da tafiyar ƙasa. Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni haushi, don tana sanye da rigar tausayi. Etios ɗin da ta ci tauraro 4 ba motar attajirai ba ce, a lokacin tana cikin masu arha a kasuwar. Kuma gwajin kwaikwayon nan shi ne ya karya farashin lafiya, tunda aikinsa ke nan ya nuna maka daidai inda za ka sa ƙarfe mai ƙarfi da inda za ka rage, ba sai ka yi wa mota sulke gaba ɗaya ba. Ga Indiya. A Janairun 2014 aka gwada ƙananan motocinta biyar da suka haɗa da Tata Nano da Suzuki Alto 800, dukkansu sifili. Volkswagen ta ji kunya ta sa jakar iska a kowace Polo, nan take ta koma tauraro 4. Gwamnati ta kafa dokar gwajin karo ga sababbin ƙira daga Oktoban 2017. Kafin ƙarshen 2018 Tata Nexon, ƙirar gida, ta ci tauraro 5. Injiniyoyin Indiya ba su ƙaro basira cikin shekara 4 ba, kwamfutocinsu ma su ne dai. Tambayar da aka tilasta musu su yi ce ta sauya.

Mu fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma yankin Afirka, mai kashi 3 kacal cikin 100 na motocin duniya, shi ke ɗauke da kusan kashi 1 cikin 5 na gawarwakin. Ba na cewa ƙirar mota ce kaɗai sanadi. Akwai gudu, akwai ramuka, akwai rashin motar asibiti. Kuma yawancinmu ba sabuwar mota muke hawa ba. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙirga ƙananan motoci na hannu miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar daga 2015 zuwa 2018, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Mun san hanyarsu, daga tashar Kwatano ko Lome har garejin dillali. Waɗannan an yi musu lissafi mai kyau, amma don wata rayuwa. Mutum-mutumin da aka fi gwaji da shi, Hybrid III, wanda General Motors ta fito da shi a 1976, namiji ne mai kilo 78, zaune shi kaɗai a kujerarsa, ɗaure da ɗamara, jingine kamar ɗan lakwal mai ladabi. Wa ya taɓa ganin wannan bawan Allah a tashar Maraɗi? Abin da muka sani shi ne Hiace da mai walda ya ƙara wa benci, buhunan hatsi da akuya a kan rufi, a-kori-kura cike da ƴan kasuwa a tsaye ranar cin kasuwa, kamiyon da aka ƙara wa ganyen sifirin don ya ɗauki ninkin kayansa, kabu-kabu da uwa da goyo da ɗan yaye.

A nan ba zan ɗora wa Toyota laifi ba, ba ita ta ƙara bencin ba. A nan yatsa gida yake nunawa. Kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan tambaya ce da kwamfuta za ta iya amsawa. Kilo nawa za a ɗora a rufin Hiace kafin ta fara neman kifewa a kwana? Bencin da aka liƙa da walda huɗu, a wane gudu zai tsinke ya zama makami a cikin mota? Gargadar hanyar Tawa zuwa Arlit, bayan kilomita nawa take tsaga shasi? Babu injiniyan Nagoya ko Wolfsburg da zai tashi da safe ya yi mana wannan lissafi, ba aikinsa ba ne. Jandarma yana tsayar da mota ya ce lodi ya yi yawa, direba ya ce bai yi ba, kowa da idonsa yake awo, a ƙarshe jika ɗaya ta raba gardama.

Kada kuma a ce kayan aikin sun fi ƙarfinmu. Lasisin manyan manhajojin kasuwa yana da tsada, gaskiya ne. Amma kamfanin lantarkin Faransa, EDF, ya saki Code_Aster kyauta tun 2001, manhajar da yake lissafin tashoshinsa na nukiliya da ita, kuma bayananta da Faransanci suke, harshen da ɗalibanmu ke karatu da shi. OpenFOAM ta lissafin iska da ruwa kyauta ce tun 2004. A 2022 kamfanin Altair ya buɗe OpenRadioss, wadda aikinta shi ne karon mota. Toyota da kanta ta saki THUMS, jikin ɗan Adam na kwamfuta mai ƙashi da hanta da ƙwaƙwalwa, kyauta tun 2021. Kwamfutar cinya ta ɗalibin yau ta fi dodon injin da ya lissafa Polo a 1986 ƙarfi nesa ba kusa ba. Ba mota kaɗai ba: farantin hasken rana da ke kan rufinmu a zafin digiri 25 ake auna ƙarfin da aka rubuta a bayansa, alhali a watan Afrilu a Yamai iskar kanta ta haura 40, ga ƙurar hunturu. Murhu mai cin itace kaɗan, amalanke, famfon rijiya, rumbun albasa mai shan iska, duk abubuwa ne da ake iya gwadawa sau ɗari a allo kafin a sayi ƙarfe ko siminti. Farfesa Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci ofishin makamashin rana na ONERSOL tun 1969, ya ƙera na'urorin dafa ruwa da girki da rana a lokacin da ko rabin waɗannan kayan aiki babu. Shi tambayar ƙasarsa ya yi. Ina so in ga kundin kammala karatu a EMIG ko a jami'o'inmu wanda takensa shi ne bencin Hiace.

Sai dai darasin Sleipner yana nan: hoto mai launi ja da shuɗi ba hujja ba ne sai an gwada shi da ƙarfe na gaske. Ɗalibin da ya lissafa benci, a ba shi benci ya karya a gaban malamansa, a ga ko lissafin ya faɗi gaskiya. Wannan ba ya bukatar dala miliyan. Yana bukatar mai walda, da ma'auni, da malamin da ba ya sa hannu a kan abin da bai duba ba.

Ga hukuma kuma, abin da nake nema bai kai a kafa kwamiti ba. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ƙa'ida mai lamba 94 ta karon gaba, da mai lamba 95 ta karon gefe, a rubuce suke shekara da shekaru. Duk sabuwar motar da za ta shigo, ko ta dillali ce ko ta ma'aikatar gwamnati ko ta ƙungiyar agaji, a ce sai da takardar shaidar ta cika su kafin ƴan duwan su buga hatimi. Gwamnati tana sayen a-kori-kura da yawa a ƙasashenmu, da su ake kai malaman asibiti ƙauye, da su ake kai masu rigakafi da masu ƙidaya. Ta fara da nata odar: ta rubuta lambobin nan biyu a takardar kwangila, ta ƙi karɓar duk motar da ba ta zo da su ba.